Gobara a Ɗakin Gwaje-gwajen Kimiyya: Nauyin da Ya Rataya a Wuyanmu

Mu malaman kimiyya na wannan reshe muna godiya da aka ba mu wannan dama, domin maganar da muka zo da ita ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Mun saba taruwa a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma duk sun cancanci a taru a kansu. Yau kuwa maganar rai ce, ran ɗaliban da iyayensu suka ba mu amana, da namu rayukan.

Kowa a cikinmu ya san yadda ɗakin gwaje-gwaje yake a yawancin makarantunmu. Ɗaki ne da aka gina domin ɗalibai kaɗan, amma idan jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato sai a cika shi maƙil. Tagoginsa an dasa musu sandunan ƙarfe saboda ɓarayi. Ƙofarsa ta biyu, in ma akwai, an garƙame ta da kwaɗo, makullin kuma ya ɓace tun zamanin wani shugaban makaranta da ya yi ritaya. Tukunyar gas tana ƙarƙashin tebur, tiyonta ya tsattsage. Inda babu gas, ana amfani da risho ko fitilar sifirit. A sito kuma, kwalaben sinadarai na jere wuri guda, wasu takardar sunansu ta goge, a gefensu jarkar fetur ta janareta. Mun saba da wannan hali har idonmu ya daina ganinsa, kuma sabon nan shi ne babban haɗarin.

A wata makaranta da ɗaya daga cikinmu ke koyarwa, wani ɗalibi ya ga kamar fitilar sifirit ta mutu, ya ɗauko kwalba zai ƙara mata. Ashe da sauran wuta a lagwanin. Wutar ta kama bakin kwalbar, ya firgita ya yar da ita, sifirit ya malale a kan tebur yana ci, gefen hijabin wata ɗaliba ya kama. Allah ya taƙaita, malamin yana kusa, ya kwantar da ita ya lulluɓe ta da rigar aikinsa. Ba a rasa rai ba, ba a kuma rubuta komai a ko'ina ba. Washegari aka ci gaba da darasi da fitilun nan da kwalbar nan. Mun tabbata da za a tambayi wannan zaure, da yawa za su ba da labari makamancin wannan.

Kada a ɗauka cewa talauci kaɗai ke jawo irin wannan. A ranar 29 ga Disamba 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis a Amurka, wata matashiya mai shekara 23 tana ɗiban wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, sai sirinjin ya kwance a hannunta. Ba ta sanye da rigar aikin gwaji, rigar sanyin da ke jikinta kuma ta zaren roba ce, nan take ta kama. Akwai shawa ta gaggawa a ɗakin, amma ba a yi amfani da ita ba. Ta rasu ranar 16 ga Janairu 2009, daga baya kuma aka gurfanar da jami'ar da farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa gaban kotu. A Janairun 2014, a wata makarantar sakandare a birnin Niyok, malama tana nuna wa ɗalibai yadda gishirin ƙarafa daban-daban ke sauya launin harshen wuta, ta ƙara metanol daga babbar jarka, wuta ta yi tsartuwa ta ƙone wani ɗalibi mai shekara 16 ƙuna mai tsanani. A Satumbar shekarar, irin wannan ya faru a wani gidan nune-nunen kimiyya a birnin Rino na jihar Nebada, mutum 13 suka jikkata, yawancinsu yara. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan haka, cewa kada a kawo babban mazubin sinadari mai kamawa da wuta wurin nuni alhali kaɗan ya isa. Waɗannan wurare suna da kuɗi da kayan aiki. Abin da ya ci su shi ne sakaci da rashin horo, kuma mu ma muna da su, ga kuma rashin kayan a kai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari mu tuna wa juna abin da muke koya wa ɗaliban aji ɗaya. Wuta ba ta tashi sai abubuwa uku sun haɗu: makamashi, da iskar oksijin, da zafi. Idan aka raba ta da ɗaya daga ciki, ta mutu. Duk dabarun kashe gobara a kan wannan suka ginu: ruwa yana ɗauke zafi, yashi da bargo suna toshe iska, rufe bakin tukunyar gas yana yanke makamashi. Abin da ya bambanta ɗakin gwaji da aji shi ne, a nan mu da kanmu muke tara abubuwan nan uku a kan tebur ɗaya, sannan mu jera yara kewaye da su.

Ruwayen da muke amfani da su, tururinsu ne ke kamawa. Itanol yana fitar da tururin da zai iya kamawa tun daga zafin digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, metanol daga wajen digiri 11, asiton kuwa tun ƙasa da sifili. Sinadarin eta yana tafasa a wajen digiri 35. A ƙasarmu, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, ma'ana kwalbar eta da ke cikin sito mai rufin kwano tana iya tafasa ba tare da kowa ya kusance ta ba. Tururin waɗannan ruwaye ya fi iska nauyi, yana bin saman tebur ya gangara ƙasa har ya tarar da wuta a nesa, wutar kuma ta biyo shi baya zuwa kwalbar. Harshen wutar metanol da rana kusan ba a ganinsa, shi ya sa mutum zai rantse fitila ta mutu alhali tana ci. Saboda haka doka ta farko ita ce, ba a ƙara wa fitila ko kwano sifirit sai an kashe, an kuma bari ya huce. Babbar kwalba ta zauna a sito, a ɗebo abin da darasi ke bukata kawai. Idan za a ɗumama itanol, kamar a gwajin sitaci a ganye, a tafasa ruwa tukuna, a kashe wuta, sannan a tsoma bututun gwajin cikin ruwan zafin. Gwajin launin harshen wuta kuwa ana iya yinsa ba tare da metanol ba: a jiƙa tsinkayen katako cikin ruwan gishirin ƙarfen su kwana, a riƙa kai su bakin wuta ɗaya bayan ɗaya.

Gas ɗin girki shi ma ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya, yana kwanciya a ƙasa, a cikin kwata da ƙarƙashin tebura, kuma kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na iskar ɗaki ya isa ya yi bindiga. Warin da muke ji an sa masa ne da gangan domin a gane ya tsiyaya. Wurin tukunya shi ne waje, a tsaye, cikin keji mai iska da inuwa, da makunni guda da malami zai iya rufewa ya yanke gas ɗin ɗakin gaba ɗaya. A riƙa duba tiyo da mahaɗai da ruwan sabulu, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar take. Ba a neman inda gas ke fita da ashana. Idan aka shiga ɗaki aka ji wari, kada a kunna ko a kashe wani makunnin lantarki, domin ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara.

Sai sito, wanda sau da yawa ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Sodiyam da potasiyam ana ajiye su cikin mai, domin idan suka taɓa ruwa suna fitar da iskar haidurojin da zafi mai yawa. Idan man ya ƙafe a tsohuwar kwalba, haɗari ya kusa. Farin fosforas kuwa cikin ruwa ake ajiye shi, domin yana kamawa da kansa a iska a wajen digiri 30. Wanda ya rikita waɗannan biyu ya jawo wa makaranta masifa. Potasiyam famanganet idan ya haɗu da gilisirin yana kamawa bayan ɗan lokaci ba tare da ashana ba. Asid naitirik mai ƙarfi ba ya zama kusa da itanol ko asiton. Jera kwalabe bisa haruffan sunayensu, kamar littattafan laburare, yana haɗa abokan gaba a kanta ɗaya. A ware masu kamawa da wuta daban, masu rura ta daban, asid daban, a sa manyan kwalabe a ƙasa. Kwalbar da sunanta ya goge, kada a buɗe ta a shinshina, kada kuma a zubar a kwata. A keɓe ta, a rubuta wa hukuma a nemi masana su ɗauke. Fetur da kananzir ba su da gurbi a wannan sito ko kaɗan.

Lantarki ma yana da nasa. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita ba zato tana sa a bar abin ɗumama ruwa a jone a tashi, cikin dare wuta ta dawo ba kowa. Soket guda da aka jibga wa na'urori, da wayar da aka soka tsirara ba filogi, da wayar da ɓera ya ci, duk mun san su. Malamin da zai rufe ɗaki ya kashe babban makunni, ya rufe gas, sannan ya sa kwaɗo.

Akwai kuma batun sutura, wanda ke bukatar hikima. Yawancin hijaban ɗalibanmu da kayan makarantarsu na zaren roba ne, wanda ke narkewa ya manne a fata idan ya kama. Ba muna cewa a cire hijabi ba. Muna cewa ranar gwaji a sa ƙarami na auduga, a cusa gefensa cikin rigar aiki, kamar yadda ma'aikatan jinya suke yi. Mu ma malamai maza, babbar riga da hannun kaftani mai faɗi ba kayan tsayawa gaban murhun Bunsen ba ne. A nemi shugabannin makarantu su yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai, mun tabbata babu uban da zai ƙi.

To, idan duk da haka wuta ta tashi fa? Abu na farko rai ne. Malami ya ɗaga murya ya sanar, ya sa a buga ƙararrawa, ya rufe gas da lantarki idan makunnin yana kusa, ya fitar da ɗalibai a tafiya ba gudu, ba komawa ɗaukar jaka. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobara hayaƙi ne ke kashe su kafin wuta ta iso gare su, saboda iskar kabon-monoksaid da sauran guba. Hayaƙi sama yake tashi, don haka inda ya yi yawa a sunkuya a bi ƙasa. Wanda ya fita ƙarshe ya ja ƙofa ba tare da ya kulle ba, domin rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska. A taru a wuri guda da kowa ya sani, a kira suna daga rajista. A kira 'yan kwana-kwana tun da farko, ko ta lambar gaggawa ta 112 ko ta lambar ofishinsu mafi kusa, wadda ya kamata a rubuta da manyan lambobi a bango. Idan sun iso, a gaya musu akwai gas da sinadarai, da inda suke.

Ƙaramar wuta kaɗai malami zai tunkara, kuma sai ƙofa tana bayansa. Idan ruwa ne ya kama a cikin kofin gwaji, a rufe bakinsa da faranti ko jiƙaƙƙen tsumma, zai mutu. Ruwa na kashe takarda da katako da yadi. A kan fetur ko kananzir kuwa, man yana tasowa saman ruwan ya bazu. A kan lantarki ruwa na iya kashe mai zubawa. A kan sodiyam ko magniziyam yana ƙara rura wutar, kuma magniziyam yana ci har cikin iskar kabon-dayoksaid, saboda haka busasshen yashi ne maganinsa. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana aiki a kan yawancin wutar da za mu gamu da ita, mai kabon-dayoksaid kuma ta dace da lantarki da ruwaye masu kamawa, sai dai bakinta yana yin sanyin da ke ƙona hannu. A karanta rubutun da ke jikin kowace tun yau. Yadda ake amfani da ita: a zare fil, a auna gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Ƙaramar tukunya cikin daƙiƙoƙi kaɗan take ƙarewa. Idan ta ƙare wuta ba ta mutu ba, a fita. Allurar agogon mai hoda ta kasance a kan kore, a kuma kai su a duba duk shekara.

Idan tufar ɗalibi ta kama, gudu shi ne abin da zuciyarsa za ta ba shi, gudu kuma fifita wuta ne. A tsayar da shi, a kwantar da shi ƙasa, a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri, sannan ruwa. Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin wuri ya kumbura. Yadin da ya manne a fata a bar shi. Kada a fasa bororo. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da manja da baƙin mai da gishiri, waɗanda aka saba shafawa a gida, suna riƙe zafi, suna jawo ƙwayoyin cuta, suna kuma wahalar da likita. A rufe da tsabtataccen yadi a tafi asibiti, musamman idan ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko ta shafi fuska ko hannu ko al'aura, ko yaron ya shaƙi hayaƙi. Idan sinadari ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa aƙalla minti 15 kafin a tafi. Idan asid ya zuba a tufa, dole a cire tufar, shi ya sa ya kamata a ajiye zane mai tsabta a akwatin taimakon farko, a kuma san malamar da za a kira idan ɗaliba ce. Jin kunya na minti ɗaya yana iya barin tabo na har abada.

Za a ce famfon ɗakin gwaji ya shekara bai kawo ruwa ba. Gaskiya ne, amma durom mai murfi cike da ruwa, da bokiti biyu na busasshen yashi, da sabuwar buta da aka keɓe domin wanke ido, da bargon auduga mai kauri, ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Buɗe ƙofa ta biyu kafinta kawai take bukata. A Maris 2001, a makarantar sakandare ta Kyanguli a Kenya, ɗalibai 67 suka mutu a gobarar ɗakin kwana, inda ƙofa ɗaya take a kulle, tagogi kuma da sandunan ƙarfe. Kusa da mu, a Afrilun 2021, yara aƙalla 20 suka rasu a Yamai sa'ad da azuzuwan zana suka kama, a Nuwambar shekarar kuma fiye da 20 a Maraɗi. Waɗannan ba a ɗakin gwaji suka faru ba, amma sun nuna yadda wuta ke riga taimako isowa idan yara suna da yawa, mafita kuma ta yi kaɗan.

Wasu cikinmu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu ma mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya bar tiyon gas a tsage, sakacinsa ne za a tambaye shi a kai. Ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai taɓa gwada fita cikin tsari ba, ranar gobara turereniya zai yi. Atisaye sau ɗaya a kowane zangon karatu, na minti goma, ya isa ya koya wa ɗalibai hanya, ya kuma nuna mana inda cikas yake.

Wannan ya kawo mu ga aikin ƙungiya. Tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a 1931, yanayin aikin malami yana cikin abin da take kare wa, kuma lafiyar wurin aiki yanayin aiki ce. Idan haɗari ya auku, malamin da ke tsaye a ɗakin shi ake fara tuhuma, ko da ya sha kai kuka da baki. Maganar baki ba ta zama hujja gaban kwamitin bincike. Saboda haka muna kira ga kowane malamin kimiyya ya rubuta abin da ya gani na haɗari, ya sa kwanan wata, ya miƙa wa shugaban makaranta, ya ajiye kwafi, ya aiko wa reshe da kwafi. A buɗe littafi a kowane ɗakin gwaji da za a riƙa rubuta duk abin da ya faru, har wanda aka tsallake rijiya da baya, ba domin a kama wani da laifi ba, sai domin a gyara. Ya kamata kuma mambobi su san da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi wanda ya ji rauni a bakin aiki, reshe kuma ya bincika yadda ake aiwatar da ita a kanmu.

Ga abin da muke roƙon wannan taro ya amince da shi. Reshe ya naɗa wakilin kula da lafiyar wurin aiki a kowace makaranta, a zagaya ɗakunan gwaji kafin ƙarshen wannan zango, a haɗa rahoto guda a kai wa ma'aikatar ilimi. Reshe ya rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiha ya nemi ta horar da malamai da masu kula da ɗakunan gwaji, kowa ya riƙe tukunyar kashe gobara da hannunsa ya gwada. A nemi a ɗauki masu kula da ɗakin gwaji inda babu, domin malami ɗaya ba zai iya koyarwa, ya raba sinadarai, ya kuma sa ido a kan wuta goma a lokaci guda ba. A raba manyan azuzuwa rukuni-rukuni ranar gwaji. Sannan reshe ya tsaya bayan duk malamin da ya dakatar da gwaji mai wuta saboda ɗakin ba shi da mafita ta biyu ko abin kashe gobara, matuƙar ya sanar a rubuce.

Ba muna neman a rufe ɗakunan gwaji ba. Ɗalibin da bai taɓa riƙe bututun gwaji ba, haddar kimiyya kawai ya yi, ƙasarmu kuwa tana bukatar likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magunguna. Muna so a ci gaba da gwaji, yaran kuma su koma gida lafiya kamar yadda suka zo. Ranar Litinin mai zuwa, kafin darasin farko, kowannenmu ya shiga ɗakin gwajinsa ya gwada buɗe ƙofa ta biyu, ya shafa wa tiyon gas ruwan sabulu, ya duba agogon tukunyar kashe gobara, ya rubuta abin da ya gani ya kawo wa sakataren reshe.

Allah ya kare mu da ɗalibanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.